Makarin Ƙwayoyin Sa Barci: Yaushe Ake Yin Sa, Yaushe Kuma Likita Ke Ƙin Yi?

Akwai wata tambaya da ma'aikatan sashen agajin gaggawa suka saba ji daga bakin 'yan'uwan majiyyaci, musamman cikin dare. An kawo mutum ranga-ranga, an ce ya sha ƙwayoyin barci, an girgiza shi, an kira sunansa, an yayyafa masa ruwa, bai ko motsa ba. Sai mahaifi ko yaya ya matso ya ce, "Likita, don Allah ba ku da allurar da za ta farkar da shi ne?"

Gaskiyar magana ita ce akwai irin wannan allura. Sunanta fulumazenil, a jikin kwalbarta kuma za ka ga an rubuta flumazenil ko Anexate. Tana iya farkar da mai barcin ƙwaya cikin minti biyu. Amma sau da yawa likita zai dubi majiyyacin, ya yi 'yan tambayoyi, sannan ya ce ba za a yi ba. A nan ne ake samun saɓani, domin wasu kan ɗauka ko rowa ce, ko sakaci, ko kuma don ba a ga alamar kuɗi a tare da su ba. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu yi maka bayanin wannan magani dalla-dalla, domin wata rana kai ne za a yi wa shi bayan wani gwaji, ko kuma kai ne za ka tsaya a kan wani naka ana yi maka tambayoyi.

Ƙwayoyin da ake magana a kansu

Fulumazenil makari ne na dangin magunguna guda ɗaya da ake kira benzodiyazefin. Ko da sunan bai yi maka kama da wanda ka taɓa ji ba, ka san 'ya'yan gidan. Akwai diyazefam, wato Valium, wanda matasa ke kira D5 saboda ƙwayarsa mai miligiram 5. Akwai buromazefam da aka fi sani da Lexotan. Akwai Rohypnol, wanda a bakin titi ake ce wa roci, sunan da ya samo asali daga sunan kamfanin da ke rubuce a jikin ƙwayar. Akwai kuma midazolam, wanda ba a cika ganinsa a hannun mutane ba, domin allura ce da ake amfani da ita a ɗakin tiyata da ɗakunan gwaji.

Wani masanin harhaɗa magunguna mai suna Leo Sternbach, da ke aiki da kamfanin Hoffmann-La Roche a Amurka, shi ne ya haɗa na farko a cikinsu a 1955. An fito da shi kasuwa da sunan Librium a 1960, sai Valium ya biyo baya a 1963. Kafin zuwansu, magungunan barcin da ake da su dangin babiturat ne, irin su fenobabiton, waɗanda tazarar da ke tsakanin adadin da ke sa barci da adadin da ke kisa ba ta da yawa. Don haka likitoci suka karɓi sababbin da hannu biyu.

Kada ka ɗauka cewa waɗannan magunguna ba su da amfani don kawai wasu na shan su ba bisa ƙa'ida ba. Da diyazefam ake tsayar da jijjigar yaro mai zazzaɓi mai zafi, da shi ake tsayar da farfaɗiyar da ta ƙi yankewa, shi ne kuma ke sassauta wa mai cutar sarƙewar haƙora sandarewar jiki. Shekaru da dama da shi ake yi wa mata masu jijjigar ciki magani, kafin bincike na 1995 ya nuna cewa allurar maganiziyam salfet ta fi shi aiki a wannan ciwo. Rayukan da diyazefam ya zama sanadin tsirarsu a asibitocin ƙasar nan, Allah kaɗai ya san adadinsu.

Yadda suke aiki a ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da sinadaran da ke zaburar da ita, tana kuma da waɗanda ke taka mata birki. Babba a cikin masu birkin shi ne wanda masana ke kira GABA. Shi ne ke sa jiki ya saki, tunani ya lafa, barci ya zo. A jikin ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan ƙofofi da GABA ke buɗewa idan ya sauka a kansu, kuma a gefen kowace ƙofa akwai wani gurbi na daban. A 1977 ne aka gano wannan gurbi, aka kuma fahimci cewa nan ne diyazefam da 'yan'uwansa ke zama. Idan suka zauna, sai ƙofar ta riƙa buɗewa a kai a kai duk lokacin da GABA ya iso. Wato su ba su taka birkin da kansu, ƙara wa mai takawar ƙarfi suke yi.

Wannan bayani yana da muhimmanci, domin shi ne dalilin da ya sa mutum mai ƙoshin lafiya da ya sha diyazefam da yawa, shi kaɗai ba tare da wani abu ba, galibi barci mai nauyi zai yi ya farka, in dai an kula da numfashinsa. Haɗarin yana zuwa ne idan aka haɗa shi da giya, ko tiramadol, ko kodin, ko wani maganin barci, ko kuma idan mai shan tsoho ne, ko ƙaramin yaro, ko mai ciwon huhu. A nan ne numfashi kan yi rauni har ya tsaya. Saboda haka ne a 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta a rubuta gargaɗi mafi tsanani a jikin kwalayen waɗannan magunguna game da haɗa su da dangin kodin da tiramadol.

Inda makarin ya shigo

Kamfanin da ya yi Valium, shi ne dai ya samo makarinsa. Masu bincikensa a birnin Basel na ƙasar Suwizalan suka bayyana shi ga duniya a 1981, aka fara sayar da shi a Turai a 1987, Amurka kuma ta amince da shi a 1991.

Ƙirar fulumazenil ta yi kama da ta diyazefam, don haka shi ma yana iya shiga wancan gurbi da muka ambata. Bambancin shi ne idan ya zauna ba ya yin komai. Ka ɗauka kamar mutum ne ya zo ya tarar da rumfar wani a kasuwa, ya ture mai ita ya zauna, ba ya saye ba ya sayarwa, amma muddin yana zaune mai rumfar ba shi da wurin baje kaya. Diyazefam ɗin yana nan a cikin jini, bai tafi ko'ina ba, wurin zama kawai ya rasa. Ka riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Ta jijiya ake yin sa, a hankali. Kwalbar da aka fi sani tana ɗauke da miligiram 0.5 a cikin ruwa mililita 5. Ga babban mutum akan fara da miligiram 0.2 cikin daƙiƙa 15, a jira kamar minti guda a ga yadda hali zai yi, sannan a ƙara kaɗan-kaɗan idan da buƙata, ba tare da an wuce miligiram 1 ba a mafi yawan lokuta. Yakan fara aiki cikin minti 1 zuwa 2, ƙarfinsa ya kai matuƙa tsakanin minti 6 zuwa 10. Ana yin sa sannu a hankali ne domin wanda aka farkar da shi farat ɗaya yakan tashi a firgice, zuciya na bugawa, ga jiri, ga tashin zuciya, wani ma har amai. Manufar likita ita ce majiyyaci ya dawo yana numfashi da kyau, yana amsa kira, ba wai ya miƙe zumbur ba.

Ba ya yin komai a kan giya. Ba ya karya fenobabiton, ba ya karya tiramadol ko kodin ko fentazosin. Su dangin kodin makarinsu daban ne, ana ce masa naloksan. Abin da yake karyawa bayan benzodiyazefin shi ne wasu ƙwayoyin barci irin su zolfidem da zofikulon, domin su ma a wancan gurbi suke zama.

Wurin da ya fi amfani

Aikin da aka fi yi da fulumazenil a cikin asibiti yake, ba a kan waɗanda aka kawo daga gida ba. Idan za a zura maka bututu mai kyamara ta baki domin a duba tumbi, ko ta dubura domin a duba hanji, ko za a mayar maka da kafaɗar da ta goce, ko wata ƙaramar tiyata, akan yi maka allurar midazolam domin jikinka ya saki, hankalinka ya kwanta. Mutane sun bambanta. Adadin da zai sa saurayi gyangyaɗi kawai, zai iya nutsar da dattijo ɗan shekara 75 har numfashinsa ya yi ƙasa. Idan haka ta faru, ma'aikata za su ɗaga haɓarsa su buɗe hanyar iska, su sa masa oksijin, idan kuma da buƙata a yi masa makari. A irin wannan yanayi likita ya san abin da ya ba majiyyaci, ya san adadinsa, ya san lokacin da ya ba shi, ya kuma riga ya tambaye shi tarihin lafiyarsa. Shi ya sa haɗarin ke da ƙaranci.

Duk da haka, ba abin alfahari ba ne a ce ana yawan buƙatar makari a ɗakin gwaji. A 2008 hukumar kare lafiyar majiyyata ta Ingila ta umarci asibitocinta da su ajiye fulumazenil a duk inda ake amfani da midazolam, su kuma riƙa ƙirga yawan lokutan da aka yi amfani da shi, domin yawan amfani da shi alama ce ta cewa ana cika hannu wajen ba da maganin barcin tun farko. A ganinmu wannan tunani daidai ne. Gara a ba da kaɗan a ƙara, da a ba da da yawa a koma neman makari.

Wuri na biyu shi ne ƙaramin yaro da ya tsinci ƙwayoyin kakarsa a ƙarƙashin matashi ko cikin jaka ya haɗiye. Jikinsa bai saba da maganin ba, kuma idan an tabbata abin da ya sha ke nan shi kaɗai, likitan yara na iya yin amfani da makari idan barcin ya yi nauyi har yana taɓa numfashi. Akwai kuma wasu 'yan tsiraru, yawanci yara da tsofaffi, waɗanda maimakon midazolam ya kwantar da su sai ya birkita su, su yi ta fizge-fizge da ihu. Su ma makarin yakan dawo da su daidai.

Barcin yana iya dawowa

Mu koma kan misalin rumfa. Wanda ya zo ya zauna ɗin ba ya daɗewa. Hanta tana sarrafa fulumazenil da sauri, cikin kimanin awa guda rabinsa ya bar jini. Midazolam kuwa yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa uku kafin rabinsa ya fita. Shi diyazefam sai ya yi awa 20 zuwa 50, kuma abin da hanta ke mayar da shi ma yana sa barci, yana kuma iya kwanaki a jiki. Ka ga ke nan da zarar makarin ya tashi, mai rumfa yana nan yana jira, sai ya koma wurinsa.

Wannan shi ne tarkon da 'yan'uwa suka fi faɗawa. Majiyyaci ya buɗe ido, ya gane mahaifiyarsa, ya nemi ruwa, kowa ya yi hamdala. Sai a fara haɗa kaya, ana cewa tunda ya farka a tafi gida kafin kuɗin gado ya ƙaru. A cikin mota ko bayan an isa gida sai barcin ya dawo, a ce ai gajiya ce a ƙyale shi ya huta, a ja masa ƙofa. Idan numfashinsa ya yi rauni ko ya yi amai a cikin wannan barci, babu mai gani. Don haka duk wanda aka yi wa wannan allura sai an ci gaba da lura da shi, aƙalla awa biyu idan bayan gwaji ne da midazolam, fiye da haka nesa ba kusa ba idan ƙwayoyi masu daɗewa ya sha. Wani sai an maimaita masa allurar, wani kuma a sa masa ita cikin ƙarin ruwa tana shiga a hankali. Idan nas ta ce a dakata, a dakata.

Wani abu kuma shi ne mantuwa. Midazolam yana hana ƙwaƙwalwa riƙe abin da ya faru bayan an yi shi, makarin kuma ba ya gyara wannan gaba ɗaya. Za ka ga mutum yana hira lafiya lau, likita ya yi masa bayanin sakamakon gwajinsa, ya ce ya gane, washegari kuma ya rantse ba wanda ya gaya masa komai. Ba ƙarya yake yi ba. Saboda haka ka zo da ɗan rakiya mai hankali, ka kuma nemi a rubuta maka bayanin a takarda. Har tsawon awa 24 bayan haka kada ka tuƙa mota ko babur, kada ka hau tsani, kada ka yi aiki da inji, kada ka sa hannu a takardar ciniki. Ke kuma uwargida, ki bar wa wata girki a ranar, kada kuma ki kwanta da jariri a gefenki.

Dalilin da likita ke ƙin yi

Yanzu mun zo kan gundarin maganar. Ga mutumin da ya daɗe yana shan waɗannan ƙwayoyi kullum, makonni ko watanni, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta saba. Ganin ana ta ƙara mata birki daga waje, sai ta rage nata, ta ƙara kuma ƙarfin masu zaburarwa domin ta daidaita. Irin wannan mutum ƙwayar ce ke riƙe da shi. Idan aka yi masa fulumazenil, cikin minti biyu an cire masa abin da ya jingina da shi na tsawon watanni. Abin da kan biyo baya shi ne firgici, karkarwa, gumi, ruɗewa, mafi muni kuma jijjiga irin ta farfaɗiya.

Ga kuma inda matsalar ta ƙara tsanani. Maganin farko da ake tsayar da jijjiga da shi diyazefam ne ko ɗan'uwansa, ga shi kuma an toshe musu wurin zama. Dole likita ya koma neman wani magani na daban, mai yiwuwa har a kai ga sa wa majiyyaci bututun numfashi. An kawo mutum yana barci yana numfashi da kansa, an mayar da shi mai jijjigar da ke wuyar tsayarwa. Babu likitan da ke son ya yi wannan musaya.

Haka abin yake ga mai farfaɗiya da ke shan irin su kulonazefam ko diyazefam domin ta lafa. Haka ga mai sarƙewar haƙora da ke kwance ana ba shi diyazefam da yawa da gangan. 'Yan'uwan irin wannan majiyyaci sukan damu da ganin yana ta barci dare da rana, amma barcin nan wani ɓangare ne na maganin, idan aka karya shi sandarewar za ta dawo da ƙarfinta. Haka nan ga wanda ya bugu a kai sosai ana kwantar da shi da magani.

Sai kuma babbar matsalar da ta fi damun mu a wannan yanki, wato haɗe-haɗe. Da wuya ka sami matashin da aka kawo a sume wanda abu ɗaya tak ya sha. Binciken da aka gudanar a faɗin Nijeriya tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken, kuma dangin tiramadol da kodin na cikin waɗanda ke kan gaba. Tiramadol idan ya yi yawa shi kansa yana jawo jijjiga. Idan mutum ya sha shi tare da D5 ko roci, to ƙwayar barcin ce ke danne jijjigar ba tare da kowa ya sani ba. Ka karya ƙwayar barcin, ka saki tiramadol. Haka yake ga amitiriftilin, wani tsohon maganin ciwon damuwa da ake kuma bayarwa don zafin jijiyoyi da ciwon kai. Shi ban da jijjiga har bugun zuciya yake hargitsawa, kuma an sami mace-mace a duniya ta wannan hanya. Shi ya sa za ka ga an manna wa majiyyaci wayoyi a ƙirji ana duba zanen bugun zuciyarsa kafin a yanke shawara.

Bari mu kwatanta da mutum biyu. A ce ga dattijuwa da aka yi wa midazolam don duba tumbi, ba ta shan kowace ƙwayar barci a gida, ba ta da farfaɗiya, sai numfashinta ya yi ƙasa. Ga kuma saurayi da abokansa suka ajiye a bakin ƙofar asibiti, harshensa ya yi shuɗi irin na mai shan roci, ba wanda ya san me ya haɗa da shi, ba wanda ya san tun yaushe yake sha. Dukansu barci suke yi, kuma dangin magani ɗaya ne ya sa su barcin. Ita za a yi mata makari ba tare da wani ɗar ba. Shi kuwa yi masa kasada ce da ransa.

To me za a yi masa?

Abin da ke kashe mai barcin ƙwaya shi ne rashin iska, ko amai ya shiga huhu. Don haka a kan numfashi ake tsayawa. Za a kwantar da shi yadda harshe ba zai toshe maƙogwaro ba, a zuƙe majina da yawu, a sa masa oksijin, a maƙala masa 'yar na'urar nan a yatsa mai nuna yawan iskar da ke cikin jini, a sa ƙarin ruwa. Idan alamu sun nuna akwai kodin ko makamancinsa, misali ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura kuma numfashi ya ragu ƙwarai, akan yi masa naloksan. Idan numfashin ya gaza, a sa bututu a haɗa shi da na'urar taimakon numfashi a sashen kulawa ta musamman har hanta ta gama aikinta. Mafi yawan waɗanda aka kawo da wuri ta haka suke tashi, ba tare da an taɓa kwalbar fulumazenil ba. Wannan ma abin kwantar da hankali ne, tunda ba kowane asibiti ne ke ajiye shi ba.

Likita kuma zai duba wasu abubuwan da ke kama da barcin ƙwaya: faɗuwar sukarin jini, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, shanyewar ɓarin jiki, ko buguwa a kai. Samun fankon ƙwaya a aljihun mutum ba ya nufin ita kaɗai ce matsalarsa.

Abin da ya rataya a wuyanku

Mun san akwai kunya. Ba uban da ke son ya faɗi a gaban jama'a cewa ɗansa na shan ƙwaya, ba kuma mijin da ke son a ji cewa matarsa ba ta iya barci sai da Lexotan. Amma duk hukuncin da likita zai yanke a kan wannan allura ya dogara ne kan amsar da za ku ba shi. Idan kun ce "bai taɓa sha ba, yau ne farko" alhali ya shekara yana sha, kun tura likita ga kuskuren da zai iya cin ran ɗanku. Ku ja shi gefe ku gaya masa a asirce. Aikinsa magani ne, kuma sirrin majiyyaci amana ce a wuyansa. Ku faɗi abin da ya sha, da lokacin, da ko ya saba sha, da ko yana da farfaɗiya, ciwon hanta, ko yana karɓar magani a asibitin ƙwaƙwalwa. Ku kwaso duk wani fanko, kwali ko kwalba da kuka gani kusa da shi, har da na sauran mutanen gidan. Idan kuna zaton da gangan ya sha don ya cutar da kansa, wannan ma ku faɗa, domin bayan ya farka yana buƙatar ganin likitan ƙwaƙwalwa da kulawar dangi, faɗa da gori ba za su amfane shi da komai ba.

Kafin ku iso asibiti, kada ku ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai. Madara, manja, ruwan gishiri, tsamiya, rubutu, duk abin da aka zuba a bakin mai suma yana iya zarcewa huhu, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke karya ƙwayar. Kada ku sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Ku kwantar da shi a gefensa, ku ɗan ɗaga haɓarsa, bakinsa na kallon ƙasa yadda amai zai zubo waje, a haka kuma za ku riƙe shi a cikin mota. Kada a zaunar da shi a kan babur a tsakanin mutum biyu kansa na lilo. Munsharin mai barcin ƙwaya ba alamar hutawa ba ce, sau da yawa alama ce ta cewa hanyar iska ta fara toshewa.

A gida kuma, a ɗaga ƙwayoyin tsofaffi sama ko a kulle su. Kada a ba jariri ko yaro maganin barci don ya bar uwa ta huta ko don a yi tafiya da shi cikin kwanciyar hankali. Mai shayarwa ta sani cewa diyazefam yana fita a ruwan nono, yana iya sa jariri kasala da ƙin tsotso.

Idan kuwa kai ne mai shan ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi kullum, ko likita ne ya rubuta maka ko a kemis kake saye, to ka faɗa tun ranar da za a ba ka lokacin gwaji ko tiyata, kada ka jira sai an tambaye ka. Za a rubuta a katinka, a tsara maka maganin barcin da ya dace da kai, a kuma san cewa makari ba naka ba ne. Kada kuma karanta wannan bayani ya sa ka watsar da ƙwayar yau-yau, domin dainawa farat ɗaya tana iya jawo irin jijjigar da muka bayyana, ko da ba a yi maka wata allura ba. Ragewa ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni, wani lokaci a fara da sauya maka zuwa diyazefam saboda ya fi sauƙin ragewa. Ka zo da kwalin abin da kake sha zuwa sashen kula da marasa lafiya na waje, ka gaya wa likita ƙwaya nawa kake sha a rana da kuma tun yaushe, daga nan za a tsara maka jadawalin ragewa ko a tura ka ga likitan da ya dace.